Daga Tseren Jirgin Ruwa Zuwa Keken Ɗinki

Na san wasu za su yi mamakin ganin labarin tseren jirgin ruwa a cikin mujallar makarantar da take Kano. Mu nan ba mu da teku. Ruwan da yawancinmu muka sani shi ne na kududdufi da na Jakara da damina, sai fa wanda ya taɓa zuwa yawon buɗe ido a Tiga. Daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiyar kilomita wajen 1,000 ce. Duk da haka ku yi haƙuri ku karanta, gama abin da ya kai ni ga wannan labari tambaya ce da iyaye suke yi mini kowace shekara a ranar karɓar sakamako. Uba zai jawo ni gefe ya ce, "Malam, yaron nan ba abin da ya sa a gaba sai ƙwallo. To, ran da ƙafa ta gaji, me zai ci?" Tambaya ce mai nauyi, kuma amsar da ta fi gamsar da ni a rayuwar wani Bature matuƙin jirgi na same ta.

Sunansa Paul Elvstrom, watau Bulus da Hausa, mutumin ƙasar Denmak a arewacin Turai. An haife shi ran 25 ga Fabrairu, 1928, a Hellerup, arewa kaɗan da Kopenhagen babban birnin ƙasar, cikin gidan da yake duban mashigin tekun da ya raba Denmak da Suwidin. Mahaifinsa kyaftin ne na jirgin ruwa, ya rasu Paul yana ƙarami. Wani ɗan'uwansa kuma ruwa ya ci shi yana da shekara 5, kusa da gidansu. Da uwar ta hana sauran 'ya'yanta zuwa bakin ruwa, ba wanda zai ga laifinta. Amma yaron nan a kan ruwa ya girma.

A makaranta kuwa bai yi abin kirki ba. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa haruffa ba sa tsaya masa, karatu da rubutu sun gagare shi yana yaro. Mai yiwuwa irin matsalar nan ce da take sa yaro mai kaifin hankali ya kasa haɗa baƙi, wadda mu malamai muke gani a kusan kowane aji. In ba a gan shi a aji ba, malaminsa ya san yana kan ruwa. Da ya bar makaranta sai ya zama birkila, da aikin gini yake ci da kansa, yana kuma tsere a kulob ɗin masu jiragen ruwa na Hellerup. Kada wani ɗalibi ya karanta wannan ya ce Malam ya ba shi izinin gudun aji. Ku bari mu kai ƙarshe tukuna.

Ya kamata in bayyana irin wasan, domin ya bambanta da tseren kwalekwale da ake yi a bikin kamun kifi na Argungu, inda ƙarfin damtse ne yake tuƙi. Wannan jirgi ƙarami ne, ba inji, ba a kuma tuƙa shi da hannu. Doguwar sanda ce a tsaye a tsakiyarsa, an ɗaura mata babban ƙyalle wanda iska take bugawa ta tura jirgin. Masu fassara suna kiran ƙyallen filafili, ni dai zan ce masa ƙyallen iska. Ana jera alamomi masu iyo a kan ruwa, jiragen su kewaye su, wanda ya riga dawowa ya ci. Abin da ya fi ba ni mamaki sa'ad da na fara karanta labarin wasan shi ne jirgin yana iya tafiya wajen da iskar take fitowa. Ba ya fuskantarta kai tsaye, sai dai ya karkata dama ya yi tafiya, ya juyo hagu ya yi tafiya, kamar mai hawan tudu da kaya a kai. Sirrin yana cikin ƙyallen. In iska ta cika shi yakan yi tumbi, ya lanƙwashe kamar fiffiken jirgin sama, iskar da take bi ta bayansa ta ja shi gaba. A gasar Olamfik ta zamanin, tsere bakwai ake yi, a zubar wa kowa da mafi muninsa, a lissafa shida. Jiragen duka iri ɗaya ne, girma ɗaya, saboda haka bambancin yana wurin mutumin da yake ciki.

A 1948 Elvstrom yana da shekara 20 ya je gasar Olamfik ta Landan, aka yi tseren ruwa a Torquay, kudancin Ingila. Bai gama tseren farko ba. Amma a kwanakin ƙarshe iska ta taso da ƙarfi, jiragen mutane suna ta kifewa, shi kuwa ya cinye tsere biyu na ƙarshe, ya tafi gida da lambar zinariya. Ya sake ci a Helsinki a 1952, shekarar da Nijeriya ta fara aika 'yan wasa zuwa Olamfik. Ya ci a Melbon ta Ostireliya a 1956. Ya ci na huɗu a gasar Roma ta 1960, wadda aka yi tserenta a tekun Napoli, 'yan makonni kafin ƙasarmu ta sami mulkin kai. Uku na bayan nan a jirgi mai suna Finn ya ci su, wanda tsawonsa mita 4 da rabi ne, mutum ɗaya ne a ciki. Zinariya huɗu a jere, mutum shi kaɗai, abu ne da 'yan kaɗan suka taɓa yi, irin su Al Oerter mai jifan faifai da Carl Lewis mai dogon tsalle, dukansu Amurkawa.

Sai dai fa a lokacin lambar Olamfik ba ta zuwa da albashi. Dokar gasar ma ta hana wanda yake cin abinci da wasa shiga. Mutum ya ci zinariya, a buga masa take, ya koma bakin aikinsa. Wannan ya sa labarinsa ya fi kusa da na yaranmu fiye da yadda ake zato.

Yadda ya yi ta cin tseren nan shi ne wurin da nake so a tsaya a duba. Idan iska ta bugi ƙyalle takan kwantar da jirgi gefe guda, jirgin da ya kwanta kuwa ba ya gudu. Matuƙan zamanin sukan zauna a bakin jirgin su ɗan jingina baya don su danne shi. Elvstrom ya ga wannan bai isa ba. Sai ya ɗaura maɗauri a cikin jirgin, ya saƙale ƙafafunsa a ciki, ya fitar da jikinsa tun daga cinya har kai waje, yana rataye a kan ruwa. Nauyinsa duka ya koma aikin miƙar da jirgin. Zama ne mai azaba ga cinya da ciki. Don ya saba, sai ya ƙera benci mai irin wannan maɗauri a gida, yana hawa yana horar da jikinsa. Yana kuma fita kan ruwa har cikin hunturun ƙasarsu, sanyin da namu na watan Janairu wasan yara ne a gabansa, lokacin da sauran suka jingine jiragensu. Yau duk mai tseren ƙaramin jirgi a duniya haka yake zama.

Akwai kuma matsalar ruwan da yake fantsamowa cikin jirgi. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya a kan abin juya jirgi, ɗaya a kan igiyar ƙyalle, da wane hannu zai ɗauki gwangwani ya kwarfe ruwa? Sai ya ƙera wata 'yar ƙofa ta ƙarfe a gindin jirgin, wadda ake dannawa ta leƙa ƙasa, bakinta yana duban baya. Wanda bai sani ba zai ce huda jirgi hauka ne. Amma idan jirgin yana gudu, ruwan da yake wucewa ta ƙarƙashi yakan zuƙe na ciki ya fita da shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tagar mota a kan hanyar Zariya, aka ɗan buɗe gilashi, ya ga yadda iska take fizge 'yar takarda ta yi waje da ita, ya ga wannan hikima. Har yanzu ana sayar da abin. Haka kuma rigar hana nutsewa: waɗanda ake da su masu kauri ne, suna hana motsi, matuƙa ba sa son sawa, sai ya fito da marar nauyi wadda mai tsere zai iya aiki da ita. Mutumin da ruwa ya ci ɗan'uwansa ya san amfanin wannan.

A 1954, yana da zinariya biyu a hannu, ya fara yanka ƙyallen iska yana ɗinkawa a ɗakin ƙarƙashin gidansa, yana sayar wa 'yan kulob ɗinsu. Mafarin kamfanin Elvstrom Sails ke nan. A nan ne nake tuna Fagge. Ni kusan kullum ta cikin Fagge nake bi, ina jin ƙarar kekunan ɗinki tun daga bakin titi, ina ganin yara masu koyo suna dawowa daga Kantin Kwari da yadi a kafaɗa. Duk telan kirki ya san yadi shimfiɗaɗɗe ne, jikin mutum kuwa ba haka yake ba. Kafin hannun riga ya zauna daidai a kafaɗa, sai an yanka bakinsa da lanƙwasa, a haɗa shi da wata lanƙwasar. Ƙyallen iska ma haka ne. Ba falle ɗaya ba ne. Ana yanka shi ƙyalle-ƙyalle, a ɗan lanƙwasa gefen kowanne, in an haɗa su da ɗinki sai tumbin nan ya fito. Tumbin ya yi yawa, jirgi ya kwanta cikin iska mai ƙarfi. Ya yi kaɗan, jirgi ya rasa ƙarfi cikin iska marar ƙarfi. Ya matsa baya da 'yan santimita, an bar ka a baya. Lokacin kuma ana cikin sauyi, masu jirage suna barin yadin auduga, wanda yake miƙewa in ya jiƙe ya kuma yi fumfuna, suna komawa wani sabon yadin roba mai suna Dacron, wanda yake riƙe yankan da aka yi masa. Tela na gari zai iya ɗinka abin da aka zana masa. Amma wanda zai san inda tumbin ya kamata ya zauna, sai wanda ya shekara goma yana kallon ƙyallen a cikin iska, ya ɗinka yau, gobe ya fita ya gwada, jibi ya farke ya gyara. Jarin Elvstrom ke nan. Kowane abu da ya sayar, wahalar da shi kansa ya sha a kan ruwa ce ta haife shi.

To, ga amsata ga ɗalibin da yake murna an ce gwanin bai iya karatu ba. Yankan nan awo ne da lissafi, ba a yinsa da ka. Kamfani kuma sai da littafin shiga da fita, da wasiƙu zuwa ƙasashen waje. Yaron da haruffa suka gagara, da ya girma sai ga shi da littattafai masu ɗauke da sunansa, har da wanda yake bayyana dokokin tsere, wanda aka yi ta sake bugawa shekara da shekaru. Tare da littafin akan ba da 'yan jiragen roba ƙanana, domin in gardama ta tashi a jera su a kan tebur a nuna wa alƙalai yadda abin ya faru. Karatun da ya guda yana yaro, sai da ya dawo ya biya shi da tsada.

Wani abu kuma da ya saɓa wa al'adarmu ta kasuwa. Mu nan mai sana'a yakan ɓoye sirrinsa. Na san shagunan da yaro zai shekara uku yana sa maɓalli da guga, in maigida zai yi yanka sai ya aike shi sayen zare. Elvstrom kuwa abin da ya ci tsere da shi, shi ya ɗora a kan kanta, duk mai kuɗi ya saya, har waɗanda za su kara da shi gobe. Ya rubuta dabarunsa a littafi. Ban ce tsabar kirki ce kaɗai ba, ciniki ne, kuma kowace nasara tasa talla ce ga shagonsa. Amma sai wanda ya yarda da kansa yake iya haka, wanda ya san kafin su gama koyon na bara ya riga ya gano na bana. Akwai maganar da ake yawan danganta masa, ma'anarta ita ce wanda ya ci tsere amma ya zubar da mutuncinsa a idon abokan karawarsa bai ci kome ba. Ina ganin maganar ta fi ma kasuwa dacewa, gama abokin karawarsa na ranar Asabar shi ne mai sayen kayansa ranar Litinin.

Labarin yana da gefe mai duhu, ba zan ɓoye shi ba. Mutumin da ya saba ci, tsoron faɗuwa yakan zame masa ciwo. A Napoli a 1960 ya riga ya tara makin da ya ishe shi, bai ma fita tseren ƙarshe ba, ba shi da lafiya, damuwa ta cinye shi. Bayan nan ya janye daga irin wannan gasa na ɗan lokaci. A Tokiyo a 1964 ɗan jiran ko-ta-kwana ne kawai. Yana da shekara 32 lokacin da abin ya same shi, shekarun da yawancin 'yan ƙwallo suke rataye takalmi. Bambancinsa da su shi ne shekara shida ke nan da buɗe shagonsa. Da safe yana da wurin zuwa, yana da ma'aikata da masu jiran kaya. Na ga tsofaffin 'yan wasa a Sabon Gari waɗanda a dā filin Pillars yake ɗaukar sunansu da ihu, yanzu suna zaune a bakin titi tun hantsi. Rashin kuɗi yana damunsu, amma na lura rashin wurin zuwa ya fi cin su.

Da ya sami sauƙi ya dawo, ya ci gasar duniya a jirage iri dabam dabam, jimlar kambunsa na duniya ya haura goma. A Olamfik ta 1968 a Meksiko ya zo na huɗu. Wanda ya ci zinariya a ajin nan wani Ba'amurke ne, Lowell North, injiniya wanda shi ma ya bar aikinsa ya buɗe shagon ɗinkin ƙyallen iska a San Diego a 1957, shagon da ya zama kamfanin North Sails. Teloli biyu ke nan suna tsere da juna.

In muka dawo gida, misalin da ɗalibai suke kawo mini kullum shi ne Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi Turai, ya buga wa CSKA ta Mosko da Leicester ta Ingila, sa'an nan ya buɗe wurin motsa jiki a Hotoro a 2017, da gidan mai a nan Kano. Ya kyauta, ya kuma yi tunani. Amma jarinsa kuɗin Turai ne, cikin yaran da suke buga ƙwallo a filayen Sabon Gari da Fagge kuwa, nawa ne za su ga Turai? Hanyar birkilan Hellerup ta fi buɗuwa ga kowa, domin ba ta bukatar sai an saye ka. Akwai wani tsohon ɗalibina, ɗan baya ne, bai taɓa wuce ƙungiyar unguwa ba. Amma tun yana aji uku shi yake ɗinke ƙwallon makaranta in ta yage, shi yake gyara wa 'yan'uwansa takalma, ya san wane tafin takalmi ne yake jure filin tsakuwa, wane ne na ciyawa kaɗai. Yanzu yana da rumfa a kasuwar Sabon Gari, yana sayar da kayan wasa, yana buga lamba da suna a rigunan ƙungiyoyi. Masu horar da yara wurinsa suke zuwa, domin in ya ce takalmin nan ba zai kai damina ba, ba ya kaiwa. Saboda haka in uba ya yi mini tambayar nan, nakan ce ya duba ko yaron ƙwallon kaɗai yake bugawa, ko kuwa yana lura da abin da yake kewaye da ita: wa ya ɗinka ta, me ya sa ta fashe, wa yake ɗaure ƙafar da ta gurɗe, wa yake rubuta sakamako, wa yake riƙe kuɗin ƙungiya. In yana lura, a ƙarfafa shi, a kuma matsa masa a kan lissafi da Turanci. In ba ya lura, aikinmu ne da iyaye mu buɗe masa ido tun ƙafar tana da ƙarfi.

Elvstrom ya koma Olamfik da furfura. A 1984 a Los Anjeles ya shiga da wani jirgi mai gangar jiki biyu, mai gudun tsiya, shi da 'yar autarsa Trine, suka zo na huɗu, taki ɗaya ya rage su hau dandamali. Suka sake zuwa Koriya ta Kudu a 1988, yana da shekara 60, suka zo na 15. Zuwansa na takwas ke nan, shekara 40 bayan na farko. A 1996, shekarar da muka kwana muna murnar zinariyar Chioma Ajunwa da ta su Kanu a Atlanta, mutanen Denmak suka zaɓe shi gwarzon ɗan wasansu na ƙarnin. Sai a 2012 wani Baturen Ingila, Ben Ainslie, ya kamo shi da zinariya huɗu a tseren jirgi. Ya rasu a Hellerup inda aka haife shi, ran 7 ga Disamba, 2016, yana da shekara 88, bayan fama da ciwon mantuwa. Kamfanin yana nan a garin Aabenraa a kudancin Denmak, ana ɗinka ƙyallen iska da sunansa, da ɗan jan kambi a kusurwar kowanne.